Shekarar da Baba Ya Ajiye Gora

Ranar sunan jikata, ɗiyar Zainab, ina zaune a zaure, sai na ji wata tsohuwa daga cikin danginmu na tunga tana nuna ni ga ƙawarta. Ta ɗauka kunnena ya yi nauyi kamar nata.

"Kin ga wancan mai gilashi? Shi yat tona ma ubanai asiri bakin ruwa, gaban jama'a."

'Ya'yana, na san kun taso kuna jin wannan magana, kuma na san babu wanda ya taɓa iya tambayata a cikinku. Abin da tsohuwar ta faɗa ya faru. Ban zo in musanta ba. Amma na yi shekaru fiye da talatin ina karanta labarai a rediyo, kuma ban taɓa yarda in karanta rabin labari in bar rabi a kan tebur ba. Saboda haka ga sauran.

Kakanku, Baba Mamman, matuƙin jirgin fasinja ne. Ina yaro aka datse kogi a Kainji, ruwa ya taso ya cinye garinmu, aka maido mu tungar da kuka sani, tsakanin Yelwa da Wara. Ruwan ya narkar da gidajen laka, amma itatuwa suka mutu a tsaye: tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, giginya, kowace a inda take. Tafkin yana da faɗi ƙwarai, sai dai ta ɓangarenmu ba shi da zurfi. Lokacin sanyi, in baƙin ruwa, ambaliyar da ke isowa daga nesa, ya cika shi, jirgi yana bi ta kansu lafiya lau. Farkon damina, in ruwa ya janye iyakar janyewarsa, kututturan suna fitowa fili, kowa ya gani ya kauce. Bazara ce lokacin tsoro, sa'ad da kan kututture yake taƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ganinsa, katakon jirgi kuwa ba ya iya masa.

Baba ya san su ɗaya bayan ɗaya, domin ya sha inuwarsu tun suna da rai. In ya dubi tafkin ba ruwa yake gani ba, gari yake gani. Za ka ji yana cewa yanzu muna bin hanyar rijiya, ga tsamiyar gidan liman a hagu, can gaba masaƙa ce. Wurin zamansa goshin jirgi, da gora a hannun dama, wato doguwar sandar nan ta taɓa ƙasa da tura jirgi, da carbi a hannun hagu. Ɗantani, mijin yayata Kulu, shi ke riƙe da inji a baya. Baba ya ɗaga hannu dama, Ɗantani ya karya dama. Ya sauke hannu ƙasa, a rage gudu. Alamunsa na kan tudu ne: wata kuka da ke tsaye ita kaɗai, da wata tsaga a jikin dutse, in sun daidaita da juna ya san inda yake. Ranar Sallah ba ya ɗaukar kaya. Yakan cika jirgi da mata da yara kyauta, ya zagaya da su gungu, tsibirin da ke cikin tafkin, a tsaya kallon samari suna tseren kwalekwale, yana yi musu ihu yana zagin yadda suke riƙe filafili. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, kuma goshin jirgin nan ni yake jira. Sai makaranta ta ɗauke ni, daga nan gidan rediyo. Bai taɓa hana ni ba, amma bai bar tsokanata ba.

"Garba ya san abin da aka yi kalaci da shi Masar," in ji shi, "amma bai san inda tsamiyar gidan ubanai take ba."

A ƙarshen sanyin shekarar da nake ba ku labari, direban motar kifi ya kawo mini kwalin banda a ofis, da saƙon Inna na baki: in zo, idon babana ya tafi. Na isa tunga da hantsi. Yaya Kulu ce ta fara ganina, tana gaban bandarta hayaƙi ya rufe ta, ta ɗaga murya yadda ta saba.

"Lale da mutanen birni! Wanga jar hula hwa, awa ta ɗan doka? Kuma dubi tumbi!"

Inna ta ja ni ɗakinta, ta sa murya ƙasa. Ta ce ta daɗe tana lura. Yana gyaran kalli, ragarsa ta kamun kifi, fuskarsa tana wani waje, yatsunsa kaɗai ke aiki. Ya daina yanke farcensa da kansa.

"Shekaranjiya ya gaida taru," in ji ta. "Taru na rataye bisa turke, yac ce mai sannu da rana, har ya tsaya jiran amsa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na fita na same shi a rumfarsa ta bakin ruwa. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Garba na? Ɗan rediyo, wa ya ba ka jar hula? Kuma ka yi ƙiba." Na zauna muka gaisa. Can na yi dabarata ta ɗan boko, na ce, Baba, jirage nawa ne can a kan ruwa, rana ta hana ni gani. Ya juya fuska wajen tafkin ya lissafa mini bakwai, kowanne da sunan mai shi. Na ƙirga, bakwai ne. Ban yi tunanin cewa mutumin da ya yi shekara fiye da ashirin a tasha ɗaya ya san tarin kowane inji kamar yadda ya san tarin 'ya'yansa ba, haka kuma ban tuna cewa duk tunga ta ji Kulu tana sanar da hulata ba. Na koma na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, tsufa ne da gajiya.

Ta dube ni ta ce, "To. Kai ad da boko."

Abin da na lura da shi a zuwan nan shi ne injin. Tsoho ne, mai doki goma sha biyar, sai an ja igiya sau goma ya tashi, kuma yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Na ce a raina ga abin da ke gajiyar da tsoho: rabin yini a rana kafin a kai Wara. Da bazara ta shigo na dawo da sabon inji mai doki arba'in a bayan mota. Ɗantani har rawa ya taka a gaban surukansa, abin da bai taɓa yi ba. Baba ya shafa murfin injin da tafin hannu ya sa albarka. Sa'an nan ya yi tambaya.

"Shina da gudu?"

"Sosai, Baba. Ya ninka tsohon."

"Ninki biyu daidai?"

"Biyu ko uku, in an sake masa."

Ya yi shiru, ya ja carbinsa. Na ɗauka shirun jin daɗi ne.

Ranar kasuwar Wara muka tashi da sassafe. Akwai fasinja wajen ashirin, da buhunan albasa, da awaki biyu, da wata Bafillatana mai ƙwaryar nono da jariri a baya. Ni ina tsakiya da rakodar ofis, ina shirin haɗa shiri a kan rayuwar tafki. Ruwan yana kwance kamar an shimfiɗa shi. Ɗantani ya murɗa, goshin jirgi ya ɗaga, mata suka yi shewa. Na lura yatsun Baba suna gudu a kan carbi fiye da yadda na saba gani. Can na ji ya ɗaga murya: "Ɗantani, ka ga kukar can?" Tambayar da yake yi kullum ce, kowa ya ɗauka gwada surukinsa yake yi. Amma sabon injin yana da ƙara, Ɗantani bai ji ba. Baba ya sake kira. Kafin ya rufe baki muka hau kututture. Ban manta ƙarar ba, kamar an fasa ƙaton icce da gatari. Katako biyu suka tsage, ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin buhuna, salati ya tashi ta ko'ina, jirgi ya karkata. Baba ne ya fara sauka cikin ruwan, da gorarsa. Ruwan ya kai masa ƙirji. Ya ɗan tsaya yana lalube da ƙafa, sa'an nan ya yi magana da muryar da ban taɓa jin ya yi ba.

"Kowa shi natsu! Kasuwa ta nan, tsohuwar kasuwa. Ina bisa tudun mahauta. Ku sauko ta dama, kar wanda ya bi hagu, marina na can da rami. Ku biyo muryata, ƙasa na hawa."

Aka bi shi. Taku goma sha wani abu, ruwa ya koma ƙugu. Nan muka tsaya cirko-cirko a tsakiyar tafki, albasa tana yawo kewaye da mu, awaki suna iyo suna kuka, har masunta suka hango mu suka zo da kwalekwale. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Rakodar ofis ce kaɗai ba ta sake magana ba. Amma a tsayuwar nan na ga abin da Inna ta aiko a gaya mini. Bafillatanar ta kwance jaririnta ta ɗaga shi sama, Baba ya miƙa hannu zai karɓa mata, sai ya miƙa wajen da babu kowa. Ina kusa da shi, rana tana dukan fuskarsa. Idanun sun yi fari-fari kamar ruwan shinkafa.

Washegari da safe aka taru a gindin ceɗiyar tasha. Sarkin Jirgin tasharmu abokin Baba ne tun suna yara, tare aka yi musu kaciya. Ƙa'idar tasha kowa ya san ta: wanda sakacinsa ya nutsar da jirgin mutane ba ya sake ɗaukar mutum daga nan. Tun kafin a zauna jama'a sun yanke hukunci a ransu. Mamman bai taɓa taɓa kututture ba tun da ruwa ya zo, saboda haka Ɗantani ne sabon inji ya ruɗa, ya ƙi duban hannu. Sarkin Jirgi ya tambaye shi kai tsaye ko an ɗaga masa hannu. Ɗantani ya san ba a ɗaga ba. Amma surukinsa na zaune gabansa, kuma a jirginsa ya koyi duk abin da ya iya. Ya sunkuyar da kai.

"Ban gani ba, ranka shi daɗe."

"Ba ka gani ba, ko ba ka duba ba?"

Ɗantani ya ƙara sunkuyar da kai. Can baya, cikin mata, na hango Yaya Kulu ta rufe baki da gefen mayafi. 'Ya'yansu biyar a lokacin, kuma Ɗantani ba shi da gona, ba shi da taru, injin nan ne sana'arsa. Na dubi Baba ina jira ya yi magana. Yana zaune, gora a kan cinyarsa, leɓensa yana motsi amma babu abin da ya fito. Na kuma ga abin da zai biyo baya: a kori Ɗantani, a gyara jirgi, Baba ya ɗauki wani yaron inji, kasuwa mai zuwa a sake cika jirgi da mutane, kuma ba kullum ake faɗawa a kan tudun mahauta ba. Sarkin Jirgi ya gyara murya zai yanke magana. Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, ina cikin jirgin. Baba bai ɗaga hannu ba. Baba ba ya gani."

Kalmomin ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Har yau ban yi nadamar faɗinsu ba. Abin da nake nadama shi ne muryar. Tsoro ne ya kama ni, kuma in tsoro ya kama ni muryar aiki ce ke fitowa, mai sanyi, kowace kalma a wurinta. Na karanta makantar mahaifina kamar farashin gero. Sarkin Jirgi ya juya wajen Baba.

"Mamman, gaskiya na?"

"Ɗana ya hwaɗi," in ji Baba. "Shi ka karanta labaru."

Ya tashi, ya jingina gorarsa a jikin ceɗiya, ya kama hanyar gida shi kaɗai. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma babu wanda ya yi gigin kama masa hannu.

Daga ranar ya rufe mini baki. In na yi sallama yana amsawa, domin ba zai ɗauki zunubin ƙin amsa sallama saboda ni ba. In na ce ina kwana, ya ce lahiya. Iyakarta ke nan. Ba Garba, ba ɗan rediyo. Mun kai shi asibiti, ni da Ɗantani, likita ya duba ya ce an makara, abin da ya rage haske ne da inuwa. A hanyar dawowa Ɗantani kaɗai yake wa magana, ko ruwan sha yake so sai ya ce, Ɗantani, gaya wa na kusa da kai. Inna ba ta ɓoye mini ra'ayinta ba. Ta ce na yi daidai, amma na yi shi kamar sanarwar rasuwa. Yaya Kulu ba ta taɓa yi mini godiya da baki ba har ta bar duniya, sai dai tun daga lokacin duk kifin yaunin da ya fi ƙiba a bandarta ni ake ajiye wa.

A shekarar an sa sunana cikin waɗanda za su tafi kwas ƙasar waje, wanda in na dawo zan riƙe sashen labarai. Na rubuta na ce a ba wani, ni a turo ni Yauri wakili. Aka ba wani, kuma a ƙarƙashinsa na yi ritaya. Ba na faɗi wannan don ku tausaya mini ba, mutumin kirki ne kuma ya riƙe aikin da kyau. Na faɗa ne don ku san dalilin da ya sa aka haifi uku daga cikinku a Yelwan Yauri, da dalilin da ya sa mahaifiyarku, wadda ta riga ta ɗinka mini rigar sanyi, ta yi mako guda tana ajiye mini tuwo ba magana. Gida biyu ake yi mini shiru a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne ba zan iya cire tsoho daga ruwa in shiga jirgin sama ba.

Da damina ta faɗi, ruwa ya janye, kututtura suka fito tsaye sun fi mutum tsayi, baƙaƙe, tsuntsaye a kansu. Matuƙa sun fara zullumin bazara mai zuwa, domin dā in ruwa ya rikice jirgin Baba suke bi a baya. Sai na ƙudura zan gyara abin da na ɓata. Na sayi jarkoki rawaya, na rubuta wa kowace lamba da fenti, na ɗauki hayar kwalekwale, na bi hanyar Wara ina ɗaure su a jikin kututtura, daidai inda ruwa ya tsaya a ranar. Kowace igiya kamu biyu, na auna da kaina don kada wata ta fi wata. Na shigar da komai a littafi. Mako uku ina wannan aiki. Masunta suna wucewa suna cewa sannu da aiki, Malam Garba, Allah ya ba da lada, in sun yi nisa sai in ji kamar suna tari. Babu wanda ya ce mini komai. Sa'an nan farin ruwa, ambaliyar damina, ya gangaro daga saman kogi, tafki ya fara hawa kamar yadda yake yi kowace shekara tun ina yaro. Cikin kwana goma jarkokina suka nutse gaba ɗaya, suna can ƙasa a ɗaure, kowace da lambarta.

Da la'asar Yaya Kulu ta shigo gida tana ba Inna labari, da muryar nan tata, har da kwaikwayon yadda nake auna igiya. Ina tsakar gida ina alwala. Sai muka ji wani sauti daga ɗakin Baba. Inna ta zabura ta ɗauka ya shaƙe. Dariya yake yi, har da tari, har yana dukan tabarma.

"Ku kira min injiniyan," in ji shi.

Na shiga na durƙusa.

"Kamu nawa ka ba igiya?"

"Biyu, Baba."

"Biyu! Ruwan da ka hawa tsawon mutum biyu. Kai, Garba. Bakin ruwan ga aka yanke maka cibi."

Wata biyar ke nan rabon da in ji sunana a bakinsa. Ya share hawayen dariya, sa'an nan ya ciro carbinsa ya ɗora mini a hannu. Ya ce shekara uku ke nan da kukar da dutsen suka ɓace masa. Da ya ga haka sai ya koma ƙirga. Da tsohon injin, daga tasha zuwa tsamiyar liman carbi uku ne, sai a karya dama. Daga nan zuwa bakin kasuwa carbi biyu da rabi. Haka ya auna hanyar Wara duka, da ta Yelwa, da ta gungu, yana istigfari yana tuƙi. In ya yi shakka sai ya tambayi Ɗantani ko ya ga kuka, kamar mai gwada shi, ya ari idonsa ba tare da ya sani ba.

"Ranar nan na ninka gudun yatsa," in ji shi. "Injinka ya ninka ni. Mun iske kasuwa ban ƙare ƙirgan tsamiya ba."

Wata biyar ina ɗaukar kaina wanda ya faɗi gaskiya mai ɗaci, ban san hannuna ne ya fara tura jirgin kan kututture ba. Na ce, Baba, me ya sa ba ka faɗa a gindin ceɗiya ba?

"In ce mi? In ce ɗana ya yo min kyauta ta nutsad da mutane? Ni na ɓoye ido, ni ya kamata in ce a bar tsohon inji, sai kunya ta hana. Kuma na so in yi magana don Ɗantani, Allah shi ne shaida, bakin yaƙ ƙi buɗewa." Ya ja numfashi. "Amma da ka ja ni gehe, kai da ni."

"Da na ja ka gefe, da ka yarda?"

Ya yi tunani sosai, kamar an ba shi lissafi.

"A'a," in ji shi. Muka yi dariya tare, Inna tana bakin ƙofa tana cewa ai ga shi nan, mahaukata biyu sun gane juna.

Gorar tana nan jingine a ceɗiya inda ya bar ta, rana da ruwan sama sun dake ta, babu wanda ya taɓa. Da safe ya aike ni na ɗauko. Muka shiga ƙaramin kwalekwale, shi a goshi, ni da filafili, yana ta faɗa cewa ina tuƙi kamar mai dama fura. Ya zura gora, ya ƙwanƙwasa kan kututture a ƙarƙashin ruwa, ya faɗi sunansa da na mai gidan da yake ƙofarsa, ni kuma ina ɗauka a sabuwar rakoda. Ɗantani ya fara bin mu. Bayan mako biyu kwalekwale shida ke bin mu. Wannan sani dā daga uba sai ɗa, ba a ba na waje, har Sarkin Jirgi ya zo gida ya tambaye shi ko ya san abin da yake yi. Baba ya ce ɗan da ya haifa ba ya iya ɗaure jarka, to wa zai bar wa? Ɗantani ne ya gaji goshin jirgin, ya riƙe shi shekaru masu yawa bai taɓa kututture ba, kuma matuƙan da kuke gani yau a tasha daga wajensa suka koya. Baba bai sake ɗaukar fasinja ba, bai kuma nema ba. Amma kada wani ya gaya muku ya daina jin ciwon abin. Duk ranar kasuwar Wara, in jirage suka tayar da inji, yakan juya fuskarsa bango har su yi nisa.

Shekara shida ya ƙara. A cikinsu kusan kowace Jumma'a bayan la'asar muna fita, ba kamun kifi ba, ba kai kowa ko'ina ba, shan iska kawai. Wani lokaci Inna ta biyo mu da shayi a fulas, tana riƙe da gefen kwalekwale da hannu biyu tana cewa ita ba ta yarda da direban ba. Kullum wuri ɗaya muke ƙarewa. Ya ce tsaya, ya zura gora har iyakar hannunsa, ta bugi icce, ya ce, "Salamu alaikum, mun zo." Tsamiyar gidanmu ce, wadda aka yi sunana a gindinta.

A bazararsa ta ƙarshe, muna barin tasha sai ya miƙo mini gorar ya karɓi filafilin, ya ce yau shi ne yaron jirgi, in nemo ta da kaina. Na daidaita kuka da tsagar dutse yadda ya koya mini, na ce tsaya. Na zura, laka. Muka matsa, na zura, laka. Na uku ma haka. Shi kuwa yana ta murmushi. A na huɗu gorar ta bugi icce, na ji bugun har kafaɗata.

"To," in ji shi. "Ka iso gida, Garba."

Gorar ita ce kuke gani a kusurwar zaure, wadda mahaifiyarku ta sha neman ta yi shanya da ita na hana. Kaset ɗin suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Likita ya ce idona na hagu ya fara yana, za a yi aiki bayan Sallah, kuma ya ce nawa ba irin na Baba ba ne. Na yarda da shi, amma duk da haka ku zo bazarar nan, ku duka, har da jaririyar Zainab, tun ina ganin kukar. Daga tasha carbi huɗu ne da filafili. In ni ke tuƙi, biyar.